Daga Harshen Tsakiya Zuwa Umarnin Inji

A cikin watan Afrilu na shekarar 1957, wato shekara biyu kafin Jihar Arewa ta karɓi mulkin kanta daga hannun Turawa, kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya soma aika wa masu aiki da kwamfutarsa mai lamba 704 wani shiri wanda waɗansu mutane ƙalilan suka shafe shekara uku suna fama da shi a birnin New York, a ƙarƙashin jagorancin wani matashi masanin lissafi mai suna John Backus. Sunan shirin FORTRAN, aikinsa kuwa shi ne ya karɓi lissafin da mutum ya rubuta a siga mai kama da ta aljabara, ya mayar da shi jerin umarnin da injin ke iya aiwatarwa.

Ba za a gane girman wannan al'amari ba sai an san cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta, duk da kwarjinin da take da shi a idon jama'a, ba ta fahimtar komai face waɗansu 'yan umarni ƙanana, kowannensu lamba ce tsurarta: ɗauko adadi daga wuri kaza, tara shi da wancan, ajiye abin da ya fita, idan kuwa sifiri ne ya fita to tsallaka zuwa umarni na kaza. Masu rubuta shiri na farko da hannu suke jera waɗannan umarni, dubu bisa dubu, har Backus ya lura cewa abin da ake kashewa wajen biyansu bai gaza kuɗin na'urar kanta ba. An sami waɗanda suka riga shi neman sauƙi, kamar Grace Hopper da tsarinta na A-0 a 1952, da Laning da Zierler na makarantar MIT a 1954, sai dai abin da irin waɗannan tsare-tsare ke fitarwa yakan yi nawa ninki biyar ko goma a kan wanda gwani ya rubuta da hannunsa. An daure wa wannan nawa ne saboda injinan lokacin ba su iya lissafin adadi masu ɗigo, irin 3.75, da kansu ba, sai ta wata doguwar hanya wadda ke cinye galibin lokaci, ta kuma rufa wa kowane irin sakaci asiri. Da 704 ta zo da wannan lissafi gine a jikinta, sai mafaka ta ƙare. Backus kuma ya sakankance cewa muddin abin da shirinsa zai fitar bai kusanci aikin gwanaye a sauri ba, to babu wanda zai waiwaye shi.

Irin wannan shiri shi ake kira kwamfaila, wato tafintan na'ura, aikinsa kuma rabi biyu ne. Rabin farko yana karanta abin da mutum ya rubuta, ya yi masa i'irabi bisa nahawun harshen, ya tabbatar da ma'anarsa, sa'an nan ya zuba wannan ma'ana a cikin wani harshe na tsakiya, wanda mutum ba ya rubutu da shi, inji kuma ba ya aiwatar da shi. Rabin ƙarshe shi ke ɗaukar harshen tsakiyan nan ya sauke shi a kan inji takamaimai, mai ƙidayayyun umarni da ƙuntataccen wuri. Littattafan koyarwa sun fi ba rabin farko fili, domin ƙa'idojinsa tsaf suke, suna da daɗin karantarwa da daɗin jarrabawa; amma ni a ganina a rabin ƙarshe aka sha gumi, a nan ne kuma ake yanke hukuncin ko shiri zai yi gudu ko zai yi rarrafe, ko batirin waya zai kai magariba ko zai mutu da azahar.

Asalin mushkilar shi ne abin da ake kira rajista. A cikin ƙwaƙwalwar inji akwai waɗansu 'yan gurabe, kowanne yana riƙe da adadi guda, a kansu ne ake yin lissafi nan take. Sauran bayanai duka suna can a babbar ma'ajiya, wadda ɗauko abu daga cikinta, a injinan yau, kan iya cin lokacin da ya isa a aiwatar da umarni ɗari ko fiye. Na'urar 704 tana da rajistoci uku kacal na ƙidayar matsayi a cikin jeri, alhali shiri guda yana iya buƙatar ashirin. Dabarar da mutanen Backus suka yi, wadda har yau ita ce ginshiƙin fannin, ita ce su raba wahalar gida biyu: sassa ukun farko na tafintansu suka riƙa rubuta umarni kamar dai don wata 704 ta mafarki mai rajistoci ba iyaka, suka bar wa sassan baya nauyin matse wannan yalwa a cikin gurabe uku. Wata matashiya masaniyar lissafi, Lois Haibt, ita ta rubuta sashe na huɗu, wanda ke yanka shiri gunduwa-gunduwa, ya yi ta gwada bin hanyoyinsa ta hanyar jefa ƙuri'a, domin ya ƙiyasta wace gunduwa za a fi maimaitawa. Sheldon Best kuma ya rubuta na biyar, wanda ke fara rabon rajista daga inda zirga-zirga ta fi yawa, idan kuwa gurabe suka cika, sai ya kori adadin da ba za a sake nemansa ba sai can da nisa. An ƙiyasta aikin duka da ƙwazon mutum guda na shekara 18, natijarsa kuma ta kusanci rubutun gwanaye ƙwarai, har masu shakka suka sauko. Harshen ya karɓu, ya kuma yi tsawon rai, har ɗaliban lissafi da na injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda cibiyar kwamfuta ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, suka yi shekaru suna koyonsa.

Nasarar kuwa sai ta haifi wata damuwar. Harsuna suka fara yawaita, ga ALGOL, ga LISP, ga COBOL na 'yan kasuwa, kamfanoni kuma suna fito da sababbin injina kowace 'yar shekara, kowanne da umarninsa dabam. Ma'ana ke nan, in akwai harsuna goma da injina ashirin, sai an rubuta tafinta ɗari biyu, kowanne kuwa aikin shekaru ne. A 1958 wani kwamiti na SHARE, ƙungiyar masu amfani da injinan IBM, da kuma Melvin Conway a nasa ɓangaren, suka kawo shawarar a ƙago harshen tsakiya guda ɗaya tal na duniya, suka raɗa masa suna UNCOL: kowane harshe a rubuta masa rabin farko ɗaya zuwa UNCOL, kowane inji a rubuta masa rabin ƙarshe ɗaya daga UNCOL, sai ɗari biyu ta koma talatin. Wanda ya san kasuwar Birnin Gwari ba ya buƙatar dogon sharhi a kan wannan hikima, domin a can Gbagyi, waɗanda ake kira Gwari, da Kamukawa, da Fulanin da ke fitowa daga daji da shanu da nono, ba kowa ke koyon harshen kowa ba. Hausa suke haɗuwa a kai, a yi ciniki, a rabu lafiya. Amma wanda ya san kasuwar ya kuma san iyakar abin: idan Bafulatani ya tashi siffanta saniya, Fulatanci yana da kalma ga kusan kowane launi da kowane irin ƙaho, alhali a Hausar ciniki sai ya yi zagaye da kalmomi uku ko huɗu, ko kuma ya haƙura da wani sashe na abin da yake nufi. A nan UNCOL ya tuntsure. Injinan wancan zamani sun saɓa da juna tun daga tushe, wani yana riƙe adadi a bit 36, wato gurbi 36 na sifiri ko ɗaya, wani yana ƙidaya da goma-goma, wani kamar B5000 na kamfanin Burroughs tari yake yi yana ɗiba daga sama. Idan harshen tsakiya ya kusanci ɗaya daga cikinsu ya zalunci saura, idan kuwa ya nisance su duka ya bar wa rabin ƙarshe kusan dukan aikin. Thomas Steel ya fitar da daftari a 1961, ba a kuwa taɓa kammala shi ba.

Waɗanda suka ci nasara bayan haka burinsu suka rage, suka ce harshe ɗaya ya ishe su, a kai shi injina da yawa. Martin Richards na Jami'ar Cambridge ya yi haka da harshen BCPL a 1967, da harshen tsakiyansa mai suna O-code. Almajiran Niklaus Wirth a birnin Zurich suka yi wa Pascal nasa, P-code, a 1973, wanda Kenneth Bowles na San Diego ya ɗauka ya kai shi ƙananan kwamfutoci irin Apple II. Stephen Johnson kuma, a cibiyar bincike ta Bell, ya rubuta wa harshen C tafinta wanda aka keɓe abin da ya shafi inji a cikinsa wuri guda, aka rarraba shi tare da bugu na bakwai na Unix, tsarin da ke gudanar da kwamfuta, a 1979, da taimakonsa kuma Unix ya yi hijira daga injin da aka haife shi a kai ya bazu ko'ina.

To, mene ne haƙiƙanin abin da rabin ƙarshen ke yi? Bari mu duba shi kurkusa. A ce wani ɗan kasuwa da ke sayen masara a Kuyello yana da manhaja a wayarsa wadda ke lissafa masa kuɗin kaya, wato yawan buhuna sau farashin buhu, a tara da kuɗin mota zuwa Kaduna. A harshen tsakiya layi biyu ne: a ninka buhuna da farashi a kira sakamakon t1, a tara t1 da kuɗin mota a kira shi t2. Ƙwaƙwalwar wayar irin ta ARM ce, tsarin da Sophie Wilson da Steve Furber suka zana a kamfanin Acorn na Cambridge, wanda ya fara aiki a 1985, ita kuwa ba ta lissafi a kan abin da ke ma'ajiya sai an ɗauko mata shi cikin rajista. Tafinta mara wayo zai rubuta umarnin LDR sau uku na ɗauko adadin nan uku, da MUL na ninkawa, da ADD na tarawa, da STR na mayar da amsa, shida ke nan. Mai wayo kuwa zai lura cewa t1 ba shi da wani amfani face a tara shi, ya kuma san ARM tana da umarni guda mai suna MADD wanda ke ninkawa ya tara a numfashi ɗaya, sai ya haɗiye layi biyun a cikinsa, t1 ya ɓace ko rajista bai ci ba. Da a ce a kan ƙwaƙwalwar Intel za a sauke layukan nan biyu, da wata hanyar za a bi, domin ita ba ta da irin wannan umarni ga cikakkun lambobi a rajistocinta na yau da kullum, amma tana iya ninkawa da tarawa kai tsaye daga ma'ajiya, sai aikin ya ƙare a umarni huɗu masu tsawo dabam-dabam, alhali na ARM mai bit 64 duk tsawonsu ɗaya, bit 32 kowanne. Wannan shi ake kira zaɓen umarni. Umarni guda da aka rage ba komai ba ne a idon mai kallo, sai an tuna cewa layin yana iya kasancewa a cikin da'irar da ake zagayawa sau miliyan.

Malaman lissafi sun nemi ƙa'idar wannan aiki tun da wuri. Andrei Ershov na Tarayyar Sobiyet a 1958, sa'an nan Ravi Sethi da Jeffrey Ullman a 1970, sun nuna cewa idan lissafi ya rarrabu reshe-reshe ba tare da wani sashe ya maimaitu ba, to a fara da reshen da ya fi cin rajista, za a sami jeri mafi tsimi, da hujja yankakkiya. Amma ba a jima ba aka tabbatar cewa da zarar rassa biyu sun yi tarayya a kan sashe guda, mas'alar ta faɗa cikin ajin nan na matsalolin da ba a san wata hanya mai sauri ta samun mafificiyar amsarsu ba. Daga nan fannin ya zama na ijtihadi, ana neman amsa mai kyau a cikin lokacin da mutum zai iya jira. William McKeeman ya kawo a 1965 dabarar leƙa umarni biyu ko uku maƙwabtan juna a maye gurbinsu da mafi gajarta. Steven Glanville da Susan Graham na Berkeley suka nuna a 1978 cewa ana iya siffanta inji a jadawali, wani shiri ya ƙera masa mai zaɓen umarni daga jadawalin. Jack Davidson da Christopher Fraser na Jami'ar Arizona suka zo a 1980 da harshen tsakiya mai bayyana kowane aiki a matsayin ƙaurar adadi daga gurbi zuwa gurbi, wannan kuwa shi Richard Stallman ya ara ya gina tafintan GCC a kai, ya sake shi a watan Maris na 1987, kyauta, tare da asalin rubutunsa, domin kowa ya karanta ya gyara. Ina ganin wannan sadaka ta ilimi ta fi dabaru da yawa tasiri, domin daga ranar duk wanda ya ƙera sabon inji, siffar injinsa kawai zai rubuta ya gaji sauran aikin.

Rabon rajista shi ya fi daɗewa yana ba da wahala, labarin warware shi kuma yana da ban sha'awa, domin daga wata tsohuwar mas'alar taswira aka samo shi. Ɗauki taswirar ƙananan hukumomin Jihar Kaduna, a ce a shafa wa kowace launi, da sharaɗin kada biyu masu iyaka da juna su yi launi ɗaya. Birnin Gwari ta yi iyaka da Giwa da Igabi da Chikun, saboda haka launinta dabam ne da na ukun. Igabi ta taɓa Giwa ta taɓa Chikun, ita ma nata dabam. Amma Giwa da Chikun ba su haɗa iyaka ba, suna iya tarayya a launi guda. A 1879 wani lauya ɗan Ingila, Alfred Kempe, ya buga hujjar cewa launi huɗu sun isa kowace taswira. A 1890 Percy Heawood ya gano ɓaraka a cikin hujjar, ba a kuma tabbatar da hukuncin ba sai a 1976, lokacin da Kenneth Appel da Wolfgang Haken na Jami'ar Illinois suka yi shi da taimakon kwamfuta. Sai dai a cikin hujjar Kempe da ta rushe akwai wani tubali lafiyayye, wato cewa yankin da maƙwabtansa ba su kai yawan launukan da ke hannu ba ana iya ajiye shi gefe, domin ko me saura suka ɗauka za a rage masa ɗaya.

Wannan tubali shi Gregory Chaitin da abokan aikinsa a IBM suka ɗauko a 1981 da 1982, suna aiki a kan tafintan gwajin injin 801 na John Cocke. Kowane adadi a cikin shiri yana da rayuwa, daga inda aka lissafa shi zuwa inda aka yi amfani da shi na ƙarshe; adadi biyu da rayuwarsu ta haɗu a lokaci guda maƙwabta ne, ba su zama a rajista ɗaya; rajistoci kuwa su ne launukan. Tafinta sai ya yi ta zare masu ƙarancin maƙwabta yana tara su gefe, ko wace zara kuma tana rage wa waɗansu maƙwabta, har su ma su cancanci zarewa. Idan ya tsaya cik, duk waɗanda suka rage maƙwabtansu sun yi yawa, sai ya auna: wane ne cikinsu korarsa zuwa ma'ajiya ta fi arha, wato ba a yawan nemansa, kuma ta fi sassauta wa jama'a, wato ya fi yawan maƙwabta? Ya kore shi, ya ci gaba, daga ƙarshe ya dawo da waɗanda ya tara, na ƙarshen zara shi ne na farkon komawa, yana ba kowa launin da maƙwabtansa ba su riƙe ba. Hukuncin launi huɗu ba ya aiki a nan, domin maƙwabtakar adadi ba ta shimfiɗuwa a kan takarda kamar ta ƙasa, adadi ashirin suna iya zama maƙwabtan juna baki ɗaya. Shi ya sa yawan rajista ke da daraja, shi ya sa kuma Intel mai takwas ta koma goma sha shida da aka faɗaɗa tsarinta zuwa bit 64, ARM kuma ta kai talatin da ɗaya. Abin da Sheldon Best ya yi da basira da haƙuri, Chaitin ya mayar da shi babi mai usuli, wanda ɗalibi zai karanta ya aiwatar.

Aiki na uku, bayan zaɓen umarni da rabon rajista, shi ne jeranta umarni. Injinan zamani suna fara umarni na biyu tun na farko bai ƙare ba, saboda haka idan aka ɗauko farashi daga ma'ajiya, maslaha ita ce a cusa wani aiki a tsakani kafin a nemi ninka shi, don kada inji ya zauna jira. David Patterson a Berkeley da John Hennessy a Stanford, tun farkon shekarun 1980, suka gina mazhabar sauƙaƙa inji a ɗora wa tafinta nauyi, suka kuwa dace. Intel da HP suka wuce gona da iri a kan wannan ra'ayi da injin Itanium na 2001, wanda ya dogara ga tafinta ya tsara komai tun kafin shiri ya fara gudu; amma tafinta ba shi da ilimin gaibu, bai san ko adadi zai iso da wuri ko zai makara ba, Itanium bai cika alkawarinsa ba, aka daina fitar da shi a 2021.

Ana cikin haka harshen tsakiya kansa yana balaga. Frances Allen ta IBM, mace ta farko da ta sami lambar yabo ta Turing, a 2006, ta shimfiɗa tun 1970 hanyar bin diddigin gudanar shiri daga gunduwa zuwa gunduwa. A 1988 kuma Barry Rosen da Mark Wegman da Kenneth Zadeck suka gabatar da sigar da a cikinta kowane suna sau ɗaya tak ake ba shi adadi, in adadin ya sauya sai a raɗa sabon suna, ta yadda asalin kowane abu a bayyane yake. A kan wannan siga Chris Lattner, yana ɗalibi, da malaminsa Vikram Adve suka fara tafintan LLVM a shekarar 2000 a Jami'ar Illinois, suka sake shi a 2003. Kamfanin Apple ya ɗauki Lattner aiki a 2005, yau kuma C da C++ da Swift da Rust duk suna zuba ma'anarsu a harshen tsakiyan LLVM, daga can a sauke ta a kan Intel ko ARM ko RISC-V. Mafarkin UNCOL ke nan, bayan shekara 45. Ba na jin mutanen 1958 sun gaza na 2003 hazaƙa. Abin da ya sauya shi ne injina sun daidaita a kan ƙidaya da bit takwas-takwas da rajistoci masu kama da juna, masu LLVM kuma ba su zauna zana cikakken harshe a takarda ba, sun fara da abin da ke aiki suka yi ta ƙari.

Akwai wani reshe na wannan tarihi wanda ya iso ƙasarmu kai tsaye. Harshen Java na 1995 ya zaɓi a rarraba shiri yana nan a harshen tsakiya, injin mai karɓa shi zai ƙarasa fassarar. Android ya gaji wannan ra'ayi a 2008 da nasa harshen tsakiyan mai suna dex, wanda Dan Bornstein ya tsara. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika aljihunan mutanenmu, da ƙwaƙwalen MediaTek ko Unisoc a cikinsu, kowace tana ɗauke da rabin ƙarshe na tafinta a jikinta. Shi ya sa yaron da ke tura waƙoƙi da karatu a bakin tasha yake iya tura manhaja ta Xender daga Samsung zuwa Itel ta hau lafiya, abin da ya zama rahama a inda data ke da tsada, balle a ƙarshen Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a waɗansu yankuna, har da Birnin Gwari, saboda ta'addancin 'yan bindigar daji, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba; a irin wannan hali, hannu da hannu ne kaɗai hanyar da manhaja za ta shiga waya.

Yaushe wayar ke yin fassarar? An sauya ra'ayi a kai har sau uku. A 2010 aka fara fassara guntayen da aka fi maimaitawa ana cikin gudu. A 2014, da Android na biyar, aka koma fassara manhaja dungurungum ranar da aka girka ta, waɗanda suka riƙe wayoyin lokacin kuwa za su tuna yadda bayan sabuntawa waya kan tsaya tana ƙirga manhajojinta ɗaya bayan ɗaya, ta yi zafi, ta cinye wuri. A 2016, da Android na bakwai, aka sasanta: manhaja ta fara aiki nan da nan, waya tana lura da sassan da mai ita ya fi bi tana rubutawa, sai ta sami kanta a jone da caji babu mai taɓa ta, sa'an nan ta fassara waɗannan sassa da natsuwa. Wato daga cikin wayoyin nan da ke jere a kan allon mai cajin waya, janareta na ruri a bayansa, akwai waɗanda a daidai lokacin zaɓen umarni da rabon rajista suke yi. Da yake ƙaramar waya ba ta da sararin zana dukan maƙwabtaka irin ta Chaitin, hanyar da Massimiliano Poletto da Vivek Sarkar suka bayyana a 1999 ake bi, wadda ke jera rayuwar adadi a layi ɗaya ta bi su daga farko zuwa ƙarshe tana rabo. Amsarta ba ta kai ta launi kyau ba, amma ta fi ta sauri nesa.

Wani lokaci kuwa akan tura manhaja ta ƙi hawa, mai gyaran waya ya ce ba ta dace da wayar ba, gaskiya kuma ya faɗa. Manyan manhajoji suna da sassa masu nauyi, irin na bidiyo da murya, waɗanda aka rubuta da C ko C++ aka fassara su tun a kamfani zuwa umarnin inji tsantsa, kashi ɗaya don ARM mai bit 32, kashi ɗaya don mai bit 64. Waɗansu wayoyi masu arha suna gudu ne a kan tsarin 32, ba su iya aiwatar da kashin 64. A da, ƙunshi guda yakan zo da kashi biyun tare. Amma daga watan Agusta na 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari wanda a cikinsa kantin Play ke aika wa kowace waya kashin da ya dace da ƙwaƙwalwarta kaɗai, saboda haka abin da aka kwafo daga babbar wayar wani Alhaji yana iya zuwa babu kashin da ƙaramar Itel ke buƙata, sai an nemo kwafi daga wata waya irinta.